Wuƙar Sarki a Hannun Hauni: Kisa a Waƙoƙin Fadar Abuja ta Dā

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla, ya saurari abin da makaɗa da maroƙa suke faɗa wa sarki, zai lura cewa kisa bai cika nisa da bakinsu ba. Sukan siffanta shi da namun dawa masu kisa, su ce ya gama da wane, ya hana wane kwana, alhali mutumin da ake wa wannan zuga yana zaune bisa doki cikin alkyabba, mai yiwuwa bai taɓa yanka ko kaza ba. Mu da muke nazarin waƙar baka mun saba mu tattara irin waɗannan kalmomi mu kira su kambamawa, mu wuce. A ganinmu wannan hanzari ya yi yawa, musamman ga garin da aka kafa shi da takobi kamar Suleja.

Masu jihadi ne suka fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yi kudu ya zauna a Zuba cikin ƙasar Gwari da Koro, har aka kashe shi a yaƙin Lapai a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan an ɗauki sunansa an ba sabon babban birnin tarayya. Mulki ne na 'yan gudun hijira, wanda Zariya ke barazana gare shi daga arewa, maƙwabta kuma ba duka suka miƙa wuya ba. Sarkin da ke cikin wannan hali yana bukatar a ji tsoronsa tun daga nesa, kuma tambari da kakaki su ne ke kai saƙon inda mashi bai kai ba. Laƙabin Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ya hau a 1877, ya ishe mu misali: Dodon Gwari. A kunnen bafade wannan yabo ne tsantsa. A kunnen jikan mutanen da aka kai wa hari kuwa wani abu ne daban, kuma jikokin nan suna nan suna cin kasuwa ɗaya da jikokin fadawan. Saboda haka fassarar irin wannan kalma ba wasan aji ba ne.

Abu na farko da ya kamata mu tambayi kowane ɗan waƙa da ya ambaci kisa shi ne: wane kisa? Akwai na fagen fama, inda mai kisa ma yana iya zama abin kashewa. Akwai kuma na hukunci, inda aka ɗaure mutum, aka durƙusar da shi, aka jira umarni. Waƙar fada tana son na farko ƙwarai, tana kawar da kai daga na biyu, sa'an nan tana aron rigar na farko ta yafa wa na biyu. Wanda aka yanke wa hukunci sai ya fito a waƙa a matsayin abokin gaba da aka kayar, ko mai girman kai da ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa.

Amma akwai mutumin da ya riƙe takobin. Sunan aikinsa a Hausa hauni, kuma kalmar nan ita ce dai wadda ke nufin hagu. Ko ma yaya aka yi ma'anonin biyu suka haɗu, sun dace da juna, domin hagu hannun mutum ne, sai dai ba a gaisawa da shi, ba a cin abinci da shi. A dā, a fadojin ƙasar Hausa irin wannan aiki, da na dogarai, yawanci bayin sarki ake ba, wato mutanen da ba su da dangi a gari da za a bi da gaba, kuma ba su da ikon cewa a'a. Maroƙi ba ya lissafa ran da aka ɗauka cikin bajintar hauni. Sarki ake ƙirga wa, domin shi ke da wuƙa shi ke da nama. Waƙa ke nan tana rubuta mai umarni, tana share hannun da ya aikata.

A nan ne waƙa da littafin alƙali suka rabu. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, ba ya yarda hannu ya ɓace. Idan kisan na zalunci ne, wanda ya tilasta da wanda aka tilasta duka suna hawa ƙisasi, haka nan ubangidan da ya umarci bawansa. Idan kuwa na hukunci ne, ran ma ba na sarki ba ne shi kaɗai, tun da waliyyan mamaci suna da ikon yafewa ko karɓar diyya. Babu makaɗin da zai ci tuwo da wannan bayani. (Ina armashin a ce giwa ta jira shaidu biyu adilai kafin ta taka?) To amma mai nazarin da ya manta da shi zai ɗauki zuga a matsayin rahoton kotu, ya ce ga shaida sarakunan Haɓe suna kashe wanda suka ga dama, wanda kuwa shi ne zargin da Shehu Usmanu ya yi musu a Kitabul Farƙi. Zargin yana da nauyinsa, amma ba bakin maroƙi ne zai tabbatar da shi ba, domin sarakunan da suka gaji jihadi ma da irin waɗannan kalmomi aka wasa su.

Abin da ya biyo bayan zuwan Turawa ya ƙara nuna haka. Sun hana yanke hannu, kuma ko a manyan kotunan sarakuna da aka bar wa ikon yanke hukuncin kisa, ba a zartarwa sai Gwamna ya amince. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna gaba ɗaya. Duk da haka makaɗan Musa Angulu da na Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, ba su da dalilin sauya ƙamus, kuma mai sauraro ya san sarai cewa igiyar tana gidan yarin gwamnati. Kalma ɗaya ke nan, a 1880 gargaɗi ce da za a iya cikawa kafin faɗuwar rana, a 1950 ta zama tunawa da iko.

Shi kansa Dodon Gwari ya rasa ransa a 1902, lokacin da rundunar Turawa ta auka wa Abuja. A bakin mutane, Nasara ne suka kashe shi. Hafsoshin dai Turawa ne, amma sojojin da ke ɗauke da bindigogi a wannan runduna baƙar fata ne, da yawansu Hausawa, kuma sun yi harbi ne da aka ce su yi.