Labarin Gidan Gwamna na Osu

 Wanda ya sauka Ankara, babban birnin Gana, in ya bi bakin teku ya yi gabas, zai ga wani farin gida mai ganuwa a unguwar Osu. Turawa suna ce da shi Christiansborg, mutanen gari kuwa Kasul su ke cewa. Yau labarinsa za mu ba ku, gama gidan nan ya sha sake kama a idon mutane.

Turawan Danmak ne suka gina shi a 1661 domin ciniki. Su kan kawo bindigogi da yadi da barasa, su karɓi zinariya da hauren giwa. Amma hajar da ta fi kawo musu riba ita ce mutane. A ɗakunan ƙasa a ke kulle bayi har jirgi ya zo, Gwamna kuwa yana bisa kansu yana shan iska. Ga wanda aka kawo a ɗaure, gidan nan shi ne ƙarshen ganinsa da ƙasarsa.

To, ku ji abin da wani ɗan kasuwa ya yi. A 1693 Asameni, mutumin Akwamu, ya zo da jama'arsa kamar masu sayen bindiga. Mai saye kuwa ai sai ya gwada kaya kafin ya biya, ku ma kun san wannan. Aka miƙa musu bindigogi su gwada, sai suka juya su kan masu gida. Gwamna ya tsira da ƙyar, da rauni a jikinsa. Asameni ya zauna ciki wajen shekara guda, yana ciniki da jiragen Turawa kamar gidan ubansa. A 1694 Akwamu suka sayar wa Danmak gidansu da zinariya, amma mabuɗai suka hana. Suna nan a fadar Akwamu har wa yau.

A 1850 Danmak ta sayar wa Ingilishi dukan gidajenta na bakin tekun nan a kan fam 10,000. Girgizar ƙasa ta 1862 ta rushe wani sashi. Har an taɓa ajiye mahaukata a ciki. Daga 1902 ya zama mazaunin Gwamna.

Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin soja, waɗanda suka yi wa Ingila yaƙin duniya na biyu, suka nufi gidan da takardar kuka, domin ba a cika musu alkawari ba. A mararraba, kafin su kai ƙofa, wani Bature shugaban 'yan sanda ya buɗe wuta. Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka mutu. Gari ya rikice, aka fasa kantuna, aka kama Nkrumah da waɗansu shugabanni 5. Shekara 9 bayan wannan, ran 6 ga Maris 1957, Gana ta sami mulkin kai.

Kuna tsammani za a guje wa gida mai irin wannan labari? Ina! A 1960 Nkrumah da kansa ya tare a ciki. Ɗan ƙasa ya hau benen da Bature ya sauka, mutane suka yi murna. Amma a zamanin mulkin soja, in an ce ana kiran wane a Kasul, sai hankalin iyalinsa ya tashi. Waɗansu kuma suka yi ta cewa bai kamata a mallaki 'yantacciyar ƙasa daga gidan bayi ba.

A 2013 Shugaba Mahama ya ƙaura da ofishinsa zuwa wani sabon gida a cikin gari. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya ce a mai da Osu gidan tarihi. In takardar sidi 50 ta shigo hannunka a kasuwa, juya bayanta ka duba, hoton gidan yana nan.