Waƙar Taro da Ƙasar Gado: Nazari a kan Waƙoƙin Ibada na Al'ummar Cherokee

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda waƙoƙin coci da 'yan mishan suka kai wa Cherokee, ɗaya daga cikin al'ummomin asali na Amurka, suka koma ma'ajiyar harshensu da tarihin ƙasar da aka raba su da ita. Ta kuma auna iyakar taimakon da rera waƙa ke yi wa harshen da masu jin sa ke ƙarewa.

Tushen al'adar

A 1821 Sequoyah ya kammala ƙirƙiro rubutun Cherokee, inda kowace alama ke wakiltar gaɓa guda. Alamomi 85 ake amfani da su. Bayan shekara 8 kacal, Samuel Worcester da Elias Boudinot suka buga littafin waƙoƙin ibada na farko a New Echota, cikin jihar Jojiya ta yau. Baiti kawai ke cikinsa, babu alamar murya. Ke nan karin waƙa a kunne ake ɗaukarsa, daga bakin manya.

Daga nan sai kora ta zo. Dokar kora ta 1830 da yarjejeniyar New Echota ta 1835, wadda yawancin jama'a ba su amince da ita ba, suka share fagen tasa ƙeyar mutum kusan 16,000 zuwa Oklahoma ta yanzu a 1838 da 1839. An ƙiyasta kimanin 4,000 sun rasu. Tarihin baka ya nuna waƙoƙin nan aka riƙa rerawa a hanya, har da wajen binne gawa. A ganin mai wannan nazari, a nan ne waƙar ta daina zama baƙuwa. Wanda ya rera ta a bakin kabarin ɗansa ba zai ƙara kallonta a matsayin kayan mishan ba, shi ya sa jikoki ke jin ƙasar gado a cikinta, ko da baitocin ba su ambaci dutse ko kogi ba.

Ƙungiyar matasa da matsalar harshe

A 2000 aka kafa ƙungiyar mawaƙan matasa ta Cherokee a Tahlequah ta Oklahoma, zamanin shugaban al'ummar, Chad Smith. 'Yan makaranta ne, kuma galibinsu da Turanci suka tashi. Haddace baiti suke yi gaɓa-gaɓa, ana gyara musu lafazi.

Wannan yana da amfani na zahiri. A hirar yau da kullum masu harshen kan haɗiye wasalin ƙarshen kalma, amma mawaƙi sai ya furta kowace gaɓa, don haka cikakkiyar surar kalma a waƙa take fitowa. Sai dai Cherokee na Oklahoma harshe ne mai karin sauti, kuma rubutun Sequoyah bai nuna karin ba, bai nuna tsawon wasali ba (Bahaushe mai karatun boko ya san wannan giɓin sarai). Idan aka ɗora kalma a kan muryar da aka aro daga Turawa, karinta na asali yakan nutse. Yaro zai iya rera baiti ba kuskure, ya kasa mayar wa kakarsa gaisuwa yadda kunnenta zai karɓa.

A 2019 majalisar haɗin gwiwar al'ummomin Cherokee uku ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan harshen, lokacin da waɗanda suka tashi da shi ba su wuce kimanin 2,000 ba, kusan dukkansu dattawa. Daga bakinsu ne kaɗai mawaƙin zai ji karin da waƙarsa ta rufe.