Matan Najeriya a Ƙasashen Waje: Inda Hatsari Yake da Abin da Doka Ta Tanada

Kowace shekara mata 'yan Najeriya da dama suna ƙetare iyaka domin karatu, fatauci, aikin Hajji da Umara, ko neman aikin yi. Yawancinsu suna zuwa su dawo lafiya. Waɗanda suka fi faɗawa cikin wahala su ne matan da suka tafi aikatau a gidaje, da waɗanda aka yaudara da alkawarin aiki a Turai, sai kuma matafiyan da aka yi amfani da jakunkunansu wajen safarar ƙwayoyi. Kowane rukuni da irin tarkon da ake ɗana masa.

Aikatau da tsarin kafala

A ƙasashen yankin Gulf da Lebanon da Jodan, ana ɗaukar ma'aikatan gida ne a ƙarƙashin tsarin da ake kira kafala. A wannan tsari, izinin zaman ma'aikaciya a ƙasa yana rataye ne a wuyan mutumin da ya ɗauke ta, wato kafili. Idan ta bar gidansa ba da yardarsa ba, yana iya kai rahoto cewa ta gudu, abin da ake kira hurub a Saudiyya, nan take kuma ta koma baƙuwar haure wadda za a iya kamawa, a tsare, a kora. Saboda haka ne mace ke jure duka, da hana albashi, da aikin da ba hutu, wani lokaci har da cin zarafi daga mazan gidan, domin fita ƙofa ma laifi ne a kanta.

Dokokin ƙwadago na wasu daga cikin ƙasashen ba su haɗa da masu aikin gida ba. A Lebanon, sashe na 7 na dokar ƙwadago ya cire su ƙarara. A Saudiyya, gyaran da ya fara aiki a watan Maris na 2021, wanda ya sauƙaƙa wa baƙin ma'aikata sauya wurin aiki da fita ƙasar, bai shafi masu aikin gida ba. Su dokarsu daban ce, kuma ana ɗaukarsu ta manhajar gwamnati mai suna Musaned. Katar ta soke buƙatar takardar izinin fita ga masu aikin gida a 2020. Gyare-gyaren suna da amfani, sai dai mai binciken ƙwadago ba ya shiga ɗakin girkin gidan mutum, kuma macen da aka ƙwace wa waya ba ta da hanyar kai ƙara.

Abin da ya faru a watan Afrilun 2020 ya nuna inda lamarin ke iya kaiwa. Wani mutum a Lebanon ya sa hoton fasfon wata 'yar Najeriya a Facebook yana tallata ta kan dala 1,000. Hukumomin tsaron Lebanon sun kama shi bayan da maganar ta yaɗu, Hukumar Kula da 'Yan Najeriya Mazauna Ƙasashen Waje, NiDCOM, ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa, ta shiga cikin maganar. A wannan shekara ce kuma, da tattalin arzikin Lebanon ya durƙushe, aka riƙa watsar da masu aikin gida 'yan Afirka a bakin ofisoshin jakadancin ƙasashensu ba tare da an biya su haƙƙinsu ba.

A Arewa, tarkon ya fi zuwa ta hannun wanda aka sani. Wata hajiya ce a unguwa, ko wani dillali ɗan uwan maƙwabci, zai ce zai biya kuɗin fasfo da biza da jirgi, a riƙa cirewa daga albashi. Sau da yawa bizar ta ziyara ce ko ta Umara, wadda ba ta ba da izinin aiki. Da wa'adinta ya cika, yarinyar ta zama mai laifi a idon hukuma, ga bashi a kanta, ga fasfo a hannun wani. Karɓe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokokin Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Katar, duk da cewa al'adar ta zama ruwan dare. A Najeriya kuwa, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba kamfanonin sama wa mutane aiki lasisi. Dillalin da ba zai iya nuna lasisi da rubutacciyar yarjejeniya mai ɗauke da sunan mai gida, adireshi, albashi da ranar hutu ba, ba abin amincewa ba ne.

Hanyar Sahara

Ɗaya hanyar ita ce ta ƙasa, wadda ke ratsa Kano ko Sakkwato zuwa Agadas a Jamhuriyar Nijar, daga nan zuwa Sabha a kudancin Libiya, sannan bakin Bahar Rum. Alƙaluman Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, sun nuna cewa matan Najeriya da suka isa Italiya ta teku sun tashi daga 1,454 a 2014 zuwa 11,009 a 2016, hukumar kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na cikinsu na iya kasancewa waɗanda aka yi safararsu domin karuwanci. Da yawa ba su ma kai teku ba. Ana tsare su a gidajen da ake tilasta musu karuwanci a Libiya har sai sun biya kuɗin da aka ƙaƙaba musu. Mali ma ta zama wani zango: a farkon 2019 hukumar NAPTIP ta ce ta ƙiyasta akwai 'yan matan Najeriya kimanin 20,000 da aka yaudara zuwa can, galibi a yankunan haƙar zinariya.

Masu safarar sukan sa 'yan mata rantsuwa a wurin matsafa cewa ba za su gudu ko su tona asiri ba. A watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara matsafan masarautarsa ya warware duk irin wannan rantsuwa, ya kuma la'anci masu ɗaura ta. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, amma gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamban 2023.

Jaka da ƙwaya

Wannan hatsari ya fi shafar alhazai da masu Umara, musamman mata da dattawa waɗanda kunya ke hana su ƙin karɓar saƙo. A watan Disamban 2018 hukumomin Saudiyya suka kama wata ɗaliba daga Kano bayan an sami ƙwayar tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu gungun mutane ne a filin jirgin sama suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba. An sake ta a ƙarshen Afrilun 2019 bayan gwamnatin tarayya ta sa baki. A farkon wannan watan ne kuma Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan wata 'yar Najeriya da aka samu da laifin safarar ƙwayoyi. Tsakanin waɗannan makoma biyu, abin da ya ceci ɗalibar shi ne hujjar da aka samu a gida.

Darasin a nan na aiki ne. Matafiyiya ta tsaya da kanta a lokacin da ake auna kayanta, ta ƙirga takardun shaidar jaka da aka manna a tikitinta, ta tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunanta, ta kuma ɗauki hotonsu. Kada ta ba wani fasfonta ya je ya auna mata kaya. Maganin asibiti ma yana iya zama laifi: tramadol da kodin suna cikin magungunan da ƙasashen Gulf ke sa wa ido sosai, don haka mai shan su bisa umarnin likita ta riƙe takardar likitan tare da ita.

Inda ake kai kuka

Sashe na 36 na Yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ya ba duk baƙon da aka kama damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Wadda aka kama ta nemi hakan tun da farko, ta nemi tafinta, kada kuma ta sa hannu a takardar da ba ta iya karantawa ba. Ofishin jakadanci ba ya iya fitar da mutum daga hannun shari'ar wata ƙasa, amma yana iya ziyartarsa, ya sanar da danginsa, ya kuma ba wadda aka ƙwace wa fasfo takardar tafiya ta gaggawa da za ta dawo da ita gida. A Saudiyya, Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda.

A cikin gida, NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 kuma take aiki da dokar hana safarar mutane ta 2015, ita ce ke binciken dillalai da gurfanar da su, tana kuma da ofisoshin shiyya, ciki har da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Lambar kiranta ita ce 627. Iyaye na iya kai rahoto ko da 'yarsu tana can waje, kuma rahoton ya fi ƙarfi idan suna riƙe da kwafin fasfonta, da sunan dillali da lambar wayarsa, da adireshin gidan da aka ce za ta zauna. Lambar kiran gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Birtaniya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 999, a Amurka da Kanada kuma 911.