Tarihin Tallafin Abinci a Potiskum

Tallafin abinci a Potiskum da ƙauyukanta, irin su Ngojin, ya girmi duk wata hukuma da ke rabon buhu a yau. Tun kafin zuwan Turawa, manomin da geronsa ya kai nisabi yakan fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma. Ga zakkar kono a ƙarshen azumi, ga ciyayya tsakanin maƙwabta, ga kwanon almajiri. Raunin wannan tsari shi ne ya dogara da damina: idan ruwa ya ɗauke, mai bayarwa da mai karɓa duk hannu rabbana suke, kamar yadda aka gani a farin 1972 zuwa 1974.

Gwamnatocin da suka biyo baya sun fi karkata ga noma, da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da juyin noma na Shagari a 1980. An ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, aka kafa hukumar agajin gaggawa ta NEMA a 1999.

Rikicin Boko Haram ne ya sauya komai. A watan Mayun 2012 aka kai mummunan hari kasuwar shanun Potiskum, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, shekara guda bayan haka aka sa wa Yobe dokar ta-ɓaci. Gonakin nesa suka gagari masu su, 'yan gudun hijira suka rakuɓe a gidajen dangi. A 2016 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara rabo a arewa maso gabas, wani wuri hatsi da mai, wani wuri kuɗi ko katin da ake karɓar kaya da shi a shago.

A wannan zamanin ne aka fara bambance cikar ciki da abinci mai gina jiki. Abin mamaki, garin da tireloli ke lodin shanu da wake zuwa Kudu, a nan ake samun yara masu tamowa, don tuwo da miyar kuka ne safe da dare. A asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciya takan naɗa wa yaro ɗan tef mai launi uku a damtse. In ya nuna ja, sai a ba uwar ƙunshin gyaɗa da madara na mako guda, a ja mata kunne kada ta raba wa yayyensa. Wasu ƙungiyoyi kuma sun koya wa mata haɗa garin kunu na gero, waken suya da gyaɗa, wanda ake kira Tom Brown. Wannan ya fi kowanne dabara, domin kayansa na kasuwar gari ne.

Shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin Buhari, wanda ya fara a 2016 kan naira 70 kowane yaro, an dakatar da shi a Janairun 2024, watanni kaɗan bayan cire tallafin fetur ya ɗaga farashin mudu. Gwamnatin Mai Mala Buni takan buɗe cibiyoyin buɗa-baki da azumi, amma wata ɗaya ne cikin goma sha biyu. A Yulin 2025, bayan Amurka ta zabtare kuɗin agaji, Hukumar Abinci ta yi gargaɗin cewa cibiyoyin tamowa sama da 150 a Borno da Yobe na fuskantar rufewa.