Daga Jigo Zuwa Tiga: Waiwaye Kan Noman Ranin Gwamnati

Kafin gwamnati ta sa hannu a harkar ruwan noma, rani lokacin tafiya ne a ƙasar Hausa. Da an kai gero da dawa rumbu, sai samari su naɗe tabarma su tafi cirani, gari ya rage tsofaffi da mata da yara. Waɗanda ba sa tafiya su ne 'yan lambu, mutanen da Allah ya ba gadon fadama ko bakin rafi. Kayan aikinsu jigo ne: doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan kai, dunƙulen laka a wancan, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana miƙewa don ya shayar da 'yan fangaloli na albasa da tattasai da alkama. Alkamar nan ce ake yi wa amare alkaki da finkaso da ita, abin marmari ce, ba cimar kullum ba. Turawan mulkin mallaka sun ɗan taɓa gwajin ban ruwa na zamani, kamar wanda suka yi a Kware kusa da Sakkwato a shekarun 1920, amma hankalinsu na kan gyaɗa da auduga, waɗanda ruwan sama ke nuna musu kyauta.

Abin ya fara sauyawa ne bayan 1967, da Janar Yakubu Gowon ya yanka ƙasar gida 12, Kano ta samu jiharta, aka ba kwamishinan 'yan sanda Audu Bako gwamna. Mutumin ya dubi jihar da ke cike maƙil da jama'a, damina wata huɗu, rani wata takwas, koguna kuwa suna kwashe ruwansu su yi gabas da shi cikin 'yan makonni, sai ya ƙudura tare ruwan. Ya fara da Bagauda, ƙaramar madatsa wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Daga 1971 zuwa 1974 aka gina Tiga a kan kogin Kano, tafki mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Hikimar aikin tana ga tudu da gangare. Tiga na sama, gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam na ƙasa, saboda haka ruwa ke gangaro da kansa ta babban kanal, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu ƙananan magudanai har bakin gona, ba inji ba lantarki. Mu riƙe wannan a zuciya, domin nan gaba za mu ga abin da ya sami wuraren da aka jingina ruwansu ga inji.

Ana cikin wannan gini abubuwa biyu suka auku a jere. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi daga Borno har Sakkwato da Nijar, sannan farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, aljihun gwamnatin tarayya ya cika har ya batse. Ga tsoron yunwa, ga kuɗi. A 1973 aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da ta yankin Tafkin Chadi. A 1976 aka mai da hukumomin 11, har da ta Haɗeja da Jama'are wadda ta karɓi Tiga da Kadawa daga hannun jiha. A shekarar ne kuma Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirinsa na ciyar da ƙasa, Shehu Shagari ya biyo da nasa na juyin noma a 1980. Tunanin zamanin ɗaya ne: a gina ƙaton dam, a baje fili, a kawo tarakta da taki, manomi ya shuka abin da ofis ya ce. Abin da ofis ke so kuwa alkama ce, domin burodi ya zama karin kumallon birane, kuma da kuɗin waje ake sayo fulawarsa.

A Kadawa lamarin ya zo da sauƙi, don bayan an daidaita ƙasa an mayar wa mutane gonakinsu, an ɗebe kaɗan saboda kanal da hanya. Bakolori ba ta yi wannan sa'a ba. An datse kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ginin a 1978. Tafkin ya shanye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane aka kai su tudun da bai kai nasu albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa aka hana su shuka damina bayan damina ana aikin bajewa, an sare itatuwan da suka gada, diyya kuma ta maƙale tsakanin ofis da ofis. Na ƙasan kogi ma ba su tsira ba, domin ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa musu fadamun shinkafa ta ragu ƙwarai. Manoma suka tare hanyoyin aikin, suka ce sai an biya su. A watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Adadin matattun da gwamnati ta faɗa bai kai 30 ba. Mutanen wurin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne. Bayan duk wannan jini, babban kaso na filin an tsara shi ne da famfunan feshi masu aiki da lantarki, kuma da injinan suka fara lalacewa babu kayan gyara, gonakin suka koma jiran ruwan sama.

Na Chadi kuwa labarinsa gajere ne. An tsara shayar da hekta 67,000 a yankin Marte ta hanyar janyo ruwan tafkin da manyan injina. Aiki na kankama tafkin ya ja da baya, farin 1984 ya ƙarasa shi, bakin kanal ya zauna a busasshiyar ƙasa.

Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, manyan ayyuka suka tsaya inda suke. Madatsun Goronyo da Zoɓe da Dadin Kowa duk an gina su, ruwa ya taru, amma magudanan da za su kai shi gona suka daɗe a kan takarda. Gwamnatin Babangida ta yi wani yunƙuri na daban: ta haramta shigo da alkama daga farkon 1987, ta zuba tallafi, har manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suka rinƙa hayar gonaki a Kadawa. Sai dai alkama 'yar sanyi ce. In ba a shuka ta da shigowar hunturu ba, zafin bazara zai riske ta kafin ta cika ido, taki da iri na gwamnati kuma ba su cika zuwa a kan kari ba. Fulawa ta ci gaba da shigowa ta bayan fage, a 1992 aka janye haramcin. Manomin Kura tuni ya yi nasa lissafin, ya koma wa tumatir da masara da shinkafa, abin da dillali ke zuwa nema har bakin gona. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke lodin kwanduna zuwa kudu, da injinan casar shinkafa da suka cika Kura, babu wanda ya zana su a taswirar farko.

A daidai waɗannan shekaru ne wani canji ya shigo ba tare da bikin yanke kyalle ba. Ayyukan raya karkara da aka fara da taimakon Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975, da waɗanda suka biyo bayansu a jihohi, sun soma sayar wa manoma ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur, tare da koya musu haƙa gajeriyar rijiya ta bututu a fadama, inda ruwa ke kusa. Injin da mutum biyu za su ɗaga, ko a ɗaure shi a bayan babur, shi ya yi wa jigo ritaya. Shirin Fadama na ƙasa da ya fara a farkon shekarun 1990 ya ƙara yaɗa shi. A ganinmu wannan ɗan inji ya shigar da talakawa noman rani fiye da yadda manyan madatsu suka yi, dalili kuwa a fili yake: gonar ta mutum ce, injin nasa ne, ranar ban ruwa shi ke yanke ta, in ya lalace kuma akwai makanike a kasuwar gari.

Madatsun Kano su ma sun bar bashi a ƙasan kogi. Bayan an ƙara da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru ya birkice. Kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani ya koma gudana a hankali duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama masaukin tsuntsun jan baki mai cinye shinkafa. Can sama kuwa kanal ya cika da yashi, ƙofofi suka yi tsatsa, na kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, na wutsiya ya kwana a gona yana gadin rabonsa.

Abin da ya biyo baya duk mun gani da idonmu. A 2014 aka ci bashin kusan dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, akasari don gyara abin da aka gina shekaru da dama kafin nan a Bakolori da Kadawa da kwarin Haɗeja, aka kuma damƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. A 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da bashin noma na Babban Banki a Kebbi, aka rufe iyakoki a 2019, aka jera dalar shinkafa a Abuja a 2022, shekara guda bayan haka kuma gwamnatin Tinubu ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen kaya da saɓanin farashi, alhali a kakar tumatir kwanduna na ruɓewa a bakin titi.

Hekta 22,000 aka tsara wa zangon farko na aikin kogin Kano, wato na Tiga da Kadawa, kuma an shafe shekaru da dama ba a cike su ba. Duk da haka shi ne ya fi kowane tsayawa da ƙafarsa cikin manyan ayyukan wancan zamani, saboda ruwansa bai dogara da inji ba, kuma an bar wa manomi gonarsa. Duk gwamnatin da ke shirin aza harsashin sabon dam, ta fara yashe kanal ɗin da ke akwai, ta kuma zauna da masu gonakin kafin katafila ta shiga.