Kafin a Ɗaura Laya: Daga Hatimin Katsina zuwa Hukuncin Sifawa

A shekarar 1974 aka fara buga Dungeons & Dragons a Lake Geneva, wani ƙaramin gari a jihar Wisconsin ta Amurka. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka tsara shi. Wasa ne na zaman tebur: mutane kaɗan su zauna da takarda da fensir da 'yan lido masu fuskoki da yawa, kowa ya ari halin wani jarumi, ɗaya kuma ya riƙa jan labarin yana yanke hukunci. A cikin jaruman akwai mai sihiri, kuma dokar da aka ɗora masa tana cikin waɗanda aka fi yin gardama a kansu har yau. Ba ya yin sihirin da ya ga dama a sa'ar da ya ga dama. Sai ya huta, ya buɗe littafinsa, ya zaɓi abin da zai haddace tun kafin a fita. Da zarar ya furta, abin ya goge daga kansa, sai kuma ya sake shiri. Sabon shiga ƙwaya ɗaya tak yake iya ɗauka.

Gygax ya aro wannan daga The Dying Earth, tarin labaran Jack Vance na 1950, inda ƙwaƙwalwar boka ba ta riƙe fiye da huɗu ko shida a lokaci guda. Littattafan dokar da suka fito a 1978 da 1979 sun ƙara tsanantawa: minti 15 na nazari ga kowane mataki na sihiri, sannan ga kayan haɗi, har wanda zai jefa dunƙulen wuta sai ya tanadi kashin jemage da farar wuta. Dalilin ba boyayye ba ne. In an sakar wa mai sihiri mara, mai takobi ya zama ɗan kallo.

A can ƙirƙira ce, don wasa ya yi daɗi. A ƙasar Hausa kuwa tambayar yadda ake shirya rubutaccen asiri, da me, a wane lokaci, da izinin wa, ta daɗe a gaban malamai, kuma amsarta ta taɓa zama ma'aunin da ake raba Musulmi da wanda ba shi ba. Iyakar kamannin ke nan, amma ya isa ya haska abin da akan manta: mafi yawan jayayyar malaman da ba a kan ko rubutu yana da tasiri take ba. A kan sharuɗɗan shirinsa take.

Wanda ya fi kowa zurfafawa a fannin lissafin abin Bakatsine ne, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya yi karatu a ƙasarsa, ya tafi aikin hajji wajen 1730, daga baya ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Ɗan ne ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa, kuma ga uban ya bar littattafansa. Biyu daga cikin ayyukansa sun shafi wannan batu: Bahjatul Afaƙ, a kan ilimin haruffa da hatimai, da Durrul Manzum, wanda ya gina a kan Sirrul Maktum da ake danganta wa Fahruddin ar-Razi.

Hatimi mafi sauƙi shi ne mai gida tara, uku sau uku, wanda ake jingina wa Imam Gazali. Ana jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Lambobin kusurwa huɗu su ne 2, 4, 6 da 8, waɗanda a lissafin abajada suka zama haruffan ba, dal, wawu da ha, a haɗe "buduhu". Kusancin wannan da baduhu, layar da Bahaushe ya ce tana ɓoye mutum daga idon maƙiyi, ya yi yawa a ce katari ne, ko da yake kunnen Bahaushe "ba duhu" yake ji, kuma ma'anar ta zauna masa daidai. Daga nan hatimai suke girma, kowanne an haɗa shi da tauraro: mai gida 16 na Mushtari ne, jimlar layinsa 34, mai gida 25 na Mirrihu, 65, har zuwa mai gida 81 na wata, 369. Al-Kashinawi ya bayyana hanyoyin cika hatimai masu layin mara, ciki har da bin tsallen da doki yake yi a wasan shaɗaranji, gida biyu gaba, ɗaya gefe. Wannan ɓangaren ne Claudia Zaslavsky ta kai wa masu karatun Ingilishi a littafinta Africa Counts na 1973, shi ya sa a yau ake yawan gabatar da shi a matsayin masanin lissafi kawai.

Gabatarwar ta yi masa kwaskwarima. A wajen masu wannan fanni, tun daga littattafan da ake danganta wa Ahmad al-Buni na ƙarni na 13, daidaiton lambobi rabin aiki ne. Sauran rabin shiri ne: a jira sa'ar tauraron da ya dace, a kasance cikin tsarki, a ƙona turaren da aka ayyana, a cika gidajen bisa jerin lambobi ba bisa jerin layi ba, wani lokaci bayan halwa da wuridi na adadi sananne. Kuskure ɗaya yana rushe duka. Ko ƙimar haruffa tarko ce, domin abajadar Magrib, wadda malaman ƙasar Hausa suka gada, ta saɓa wa ta gabas a wasu haruffa. Shinun 1000 ne a nan, shi ya sa ramzin shekara a ƙarshen tsofaffin waƙoƙin ajami yakan ɗauki wannan harafi. A Masar kuwa 300 ne. Malamin da ya ɗauki littafin gabas ya yi lissafi da ƙimar gida zai cika hatiminsa da lambar da ba ita ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ya sa ake cewa laƙani ba ya ci sai da izini daga bakin malami. Izinin tsaro ne ga sirri, kuma gyara ne ga kuskure.

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi Shagari yakan wuce ta ƙasar Boɗinga, inda Sifawa take. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, ƙaninsa Abdullahi kuma ya kafa mazauninsa a Boɗinga, kusa da shi. Shekarun rubutu ne da karantarwa, kuma shekarun kare abin da aka riga aka yi da takobi. Tambayar da ta addabi Jama'a ita ce: da wace hujja aka yaƙi sarakunan da suke salla suna azumi?

Shehu ya daɗe da shata layinsa. A Ihya'us Sunna, wanda ya rubuta tun kafin hijira, ya ware babi ga magani da tofi, yana rarrabe sunna da bidi'a. A Nurul Albab ya lissafa ayyukan da yake ganin suna fitar da mai yin su daga Musulunci ko da yana iƙirarinsa: da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko duban taurari, yanka ga itatuwa da duwatsu, da rubuta sunayen Allah ko ayoyin Alƙur'ani a kan ƙazanta, kamar ƙashin matacce ko kan kare, ko rubuta su da jinin yanka. Wanda ya lura zai ga cewa a misalan ƙarshe kalmomin da aka rubuta ba su da aibi. Abin da aka rubuta a kai, da abin da aka rubuta da shi, su ne laifin. Tawada ta gawayi da ƙaro a kan allo ko takarda abu ne. Jini a kan ƙashi wani abu ne daban. Shehu a nan yana kan turbar Malikiyya ne. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi ya karanta, ba ta ga laifi ga rataya abin tsari mai ɗauke da Alƙur'ani ba, malaman mazhabar kuma sun yi sharaɗin a rufe shi da abin da zai kare shi daga ƙazanta, sun kuma ƙi tofi da lafazin da ba a san ma'anarsa ba. Ashe ɗinkin da baduku yake yi wa laya ba ado ba ne kawai. Cika sharaɗin fiƙihu ne. Shehu ya kuma dogara ƙwarai ga amsoshin da al-Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songai a ƙarshen ƙarni na 15, inda aka yi hukunci mai tsanani a kan masu duba da masu sihiri.

Ba kowa ya yarda ba. Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno, a wasiƙun da ya yi musaya da shugabannin jihadi, ya ce irin waɗannan al'adu saɓo ne da jahilci, ba kafirci ba, kuma ba ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga gare su. Ya kawo misalin Dimyaɗ ta Masar, garin ilimi, inda ya ce talakawa suna girmama wata itaciya, ba wanda ya ɗaura musu yaƙi. Muhammadu Bello ya adana wannan musayar a Infaƙul Maisur na 1812, Shehu kuma ya rubuta Ta'alimul Ihwan a 1813, a zamanin zamansa na Sifawa, yana bayyana dalilan da suka sa aka kafirta sarakunan. Hujjar al-Kanemi tana da nauyi, kuma yawan tawadar da aka kashe wajen amsa ta shaida ne cewa an ji nauyin.

Abin da bai kamata a tsallake ba shi ne, ilimin al-Kashinawi bai mutu a hannun masu jihadi ba. Muhammadu Tukur, ɗaya daga cikin makusantan Shehu, ya rubuta Ƙira'ul Ahibba a kan sirrin sunayen Allah da amfaninsu. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda Heinrich Barth ya sadu da shi a 1853 ya yaba iliminsa, ya yi zurfi a ilimin haruffa da hatimai. Daular Sakkwato tace fannin ta yi: ta zubar da jini da ƙashi da duba, ta riƙe tsarki da sunaye da izini. Inda aka bar baya da ƙura shi ne batun sa'ar taurari, wadda hatimi yake buƙata, mai wa'azi kuma yake zargi.

Abu biyu suka girgiza wannan tsari a ƙarni na 20. Na farko injin ɗab'i. Da aka buga Shamsul Ma'arif da Durrul Manzum a Masar, suka shigo kasuwannin littattafai na Arewa, sai abin da ake karɓa daga baki bayan shekaru na hidima ya zama na duk mai kuɗin saye. Na biyu ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, da tasirin karantarwar Shaihu Abubakar Gumi. Wa'azinta ya ɗauke tambayar daga yadda za a shirya laya zuwa ko ya halatta a rataya ta tun asali, ya jingina da ra'ayin magabatan da suka hana ratayawa ko da Alƙur'ani ne a ciki, ya bar tofi da addu'o'in da suka inganta. Malaman ɗariƙu da na zaure sun ci gaba da kafa hujja da Risala.

Wasan Amurka ma ya sassauta dokarsa. Bugun 2000 ya daina cewa mai sihiri yana haddacewa yana mantawa, ya koma cewa yana shiryawa ne, ya kuma shigo da wani jarumi mai sihirin gado wanda ba ya buƙatar littafi. Bugun 2014 ya bar shi ya zaɓi jerin abin da ya shirya da safe, ya yi amfani da su yadda ya so har ƙarfinsa na ranar ya ƙare. Kashin jemage da farar wuta dai suna nan a cikin dokar.