Tsarkin Ruwa da Tsarkin Mutum: Nazari Daga Pumpumre

Duk wanda ya je sallar Juma'a a babban masallacin Pumpumre da ke Garwa zai tarar da butoci jere a ƙasa, jama'a tsugune suna alwala, ruwan yana gangarawa kwata. Yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san sharaɗin wannan ruwa: kada launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya sauya da wani abu da ba ya tare da shi bisa al'ada. A kan wannan ƙa'ida ta Malikiyya, wadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, aka tarbiyyantar da Musulmin arewacin Kamaru, Fulaninsu da Hausawansu. Abin da nake son nunawa shi ne mun ɗora wa ƙa'idar nauyin da malamai ba su ɗora mata ba, mun kuma yi sakaci da abin da ta koyar game da ɗan Adam.

Fiƙihu ya raba hadasi, wanda alwala ko wanka ke gusarwa, da najasa, wadda ake wankewa daga jiki ko tufa, sannan ya bar zunubi ga tuba. Lafiyar ruwa wata magana ce daban. Ƙwayar cutar kwalara ba ta sauya launin ruwan randa, ba ta ba shi wari. Ruwan rijiyar da aka haƙa kusa da masai yana iya cika sharaɗin alwala tsaf, amma ya kwantar da gida guda, kamar yadda aka gani a annobar 2010 da ta yi ɓarna a arewacin ƙasar, da irin wadda kan biyo bayan ambaliyar Binuwai. Malaman da suka rubuta littattafan nan amsa suke bayarwa a kan ingancin salla, kuma shari'ar da ta halatta ruwan ita ce ta hana cutar da kai.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen mutane. A shekarar 1966 masaniya Mary Douglas ta nuna cewa al'ummomi kan yi amfani da tunanin ƙazanta wajen shata iyaka tsakanin jama'a. Duwatsun Mandara sun gaskata ta: a tsakanin ƙabilun Mafa da Kapsiki maƙera su ne masu binne gawa, ba a auratayya da su, ba a cin abinci da su a ƙwarya ɗaya. Mu kan ji wannan mu girgiza kai, alhali a birni muna da namu. Bahaushe zai sayi tsire da kilishi a hannun mahauci, ya ci ya suɗe yatsa, amma ranar da ɗan mahaucin ya aiko neman aure sai a fara maganar asali. Majemi da mai yasar masai ma haka suke sha.

Ba wata hujja a babin tsarki da ta goyi bayan wannan. Jinin da ya taɓa rigar mahauci ruwa ke fitar da shi, ya shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da liman. A Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, hatta kare, balle ɗan Adam. Lokacin da Abu Huraira ya zame daga wajen Annabi (SAW) saboda janaba, an sanar da shi cewa mumini ba ya zama najasa. Sana'a kuwa ba a haifar mutum da dauɗarta.

Don haka ina kira ga limaman Garwa da malaman zaure: idan aka zo babin tsarki, a gaya wa ɗalibi ya tafasa ruwan sha ko da ya halatta ga alwala, a kuma gaya masa ƙarara cewa ƙyamar mahauci saboda sana'arsa girman kai ne, ba addini ba.